Abin da Bangon Sito Ya Ji

Shekara goma sha tara ina gadin sito
a tsohuwar tashar jirgin ruwa ta Garwa.
Ba auduga, ba gyaɗa, ba jirgi.
Jemagu nake gadi, da wani sikeli mai tsatsa
wanda har yau yake cewa kilo huɗu
alhali ba komai a kansa.

Sai ga Astawabi da takarda mai hatimi,
da akwati bakwai a bayan a-kori-kura,
da yaronta Tizi, sarkin tambayar ina soket.
Na ce, 'yata, sito ya mutu.
Ta ce, Baba, duhunsa na zo aro.

Ta sa makirfo a gora, ta jefa a Binuwai
kamar mai fakon giwan ruwa.
Ta rataye wani a ƙarƙashin gada,
na uku a bakin ƙofa, daidai inda nake shimfiɗa buzu.
Wayoyi suka taru a gindin kwamfuta
kamar hanjin rago ranar suna.
Madubai biyu, kowanne bai kai farce ba,
su ne, in ji ta, masu riƙe alƙalami.

Aka kashe fitila.
Zare ɗaya, kore shar, ya tsaga duhu,
miƙaƙƙe, ba masaƙin da ya taɓa jan irinsa.
Lesa ke nan, in ji Tizi, kada ka haɗa ido da shi.
Tirela ta hau gada: zaren ya ɗauki ciki, ya haifi goma.
Dorina ta yi gurnani can ƙasan ruwa,
lasifika ta zuba min shi a haƙarƙari,
bango ya cika da jajayen zobba masu haɗiye juna.
Na yi tari.
Wallahi tarina ya hau bango, ya yi ƙaya, ya watse.
Yara suka fashe da dariya.
Na sake, da gangan.

Na ce, wa ya zana? Ta ce, ba kowa.
Ƙa'ida kawai na koya mata, kamar dara:
gurabe sanannu ne,
wasa kuwa sai yadda hannu ya zo.

Dare na uku kowa ya watse,
janareta na da sauran mai.
Na matsa bakin ƙofa, na sunkuya, na ce: Garga.
Wana ne. Dako ya yi a nan
lokacin da jirage ke hawowa da damina,
dilar auduga a wuya, goro a kunci.
Ruwa ya karɓe shi, bai ba mu ko hula ba.
Hasken ya lanƙwasa,
ya yi wani abu kamar kafaɗa a ƙarƙashin kaya,
ya ɗan karkata hagu, yadda yake tafiya.
Numfashi uku.
Ya narke.

Washegari na sake kira, ganye ya fito,
ko kifi, ban tantance ba.
Na kira da ƙarfi, na kira da raɗa,
na kira da sunan da Inna kaɗai ke kiransa.
Tsani. Raga. Ruwan sama a kwance.

Da safe na tare ta: na'urarki ta ci amana,
a dawo min da na shekaranjiya.
Ta daɗe tana kallon takalminta.
Ba ta ajiya, Baba.
Ruwan da ta ji a daren nan ya wuce Yola.

Kwana biyu ban karɓi shayinta ba.
A na uku na karɓa, sukari ya yi yawa.

Sun kwashe ranar Talata.
Ramukan ƙusa goma sha ɗaya suka bar min,
da guntun waya da na ɗaure ƙyaure da shi.
Jemagu sun dawo, suna ƙorafi.
Sikeli na nan kan kilo huɗunsa.
In tari ya kama ni cikin dare
har yanzu bango nake fara dubawa.